Jan Biro a Littafin Baba

Da sunan Allah ake buɗe kowace ƙofa, kuma gare shi muke neman tsari daga kaifin harshe da kaifin alƙalami. Dukansu biyu suna yanka, sai dai raunin alƙalami ya fi daɗewa bai warke ba.

Ranar Laraba, bayan sallar la'asar, Baba ya kira Auta falo.

Ta same shi a tsaye, shi da bai saba yi wa 'ya'yansa magana a tsaye ba. Gwaggo, ƙanwarsa da ta riƙe gidan tun rasuwar mahaifiyar Auta shekara goma sha biyu da suka wuce, tana zaune a bakin kujera da carbi a hannu, amma ba ta ja. A kan teburin tsakiya akwai tarin takardu ɗaure da roba, shafi ɗari uku da 'yan kai.

Auta ta gane su tun daga bakin ƙofa. Littafin Baba ne.

Shekara bakwai ya yi yana rubuta shi, tun da ya ajiye aiki a ma'aikatar ruwa, inda ya shafe shekara talatin da biyar yana injiniya. Tarihin aikinsa ne: madatsun da ya gina, rijiyoyin da ya haƙa, bututun da ya shimfiɗa a ƙarƙashin garuruwa. Da Turanci ya rubuta, don ƙananan injiniyoyi na ko'ina su amfana. Babu abin da Baba yake ji da shi a duniya, bayan 'ya'yansa, kamar waɗannan takardu.

"Ɗauki ki gani," in ji shi. "Ga aikin mutumin naki."

Mutumin nata shi ne Edita, wanda yake aikin tace littattafai a wani kamfanin ɗab'i. Shekara biyu yana neman aurenta. Baba ya bincika addininsa da halinsa da asalinsa, bai sami abin kushewa ba sai guda ɗaya: digirinsa na Turanci ne. A gefe kuma ga Likita, ɗan aminin Baba, wanda shi ma ya nuna yana so. Makonni uku da suka wuce, Baba ya miƙa wa kowannensu kwafi ɗaya na littafin. Likita ya dawo da nasa bayan kwana biyu fes, ko lanƙwasa babu, ya ce bai taɓa karanta littafi mai daɗinsa ba. Edita kuwa sai yau da safe ya kawo nasa.

Auta ta zare robar. Shafin farko ja. Na biyu ja. Layuka a ƙarƙashin jimloli, kibiyoyi suna ɗauke sakin layi daga nan zuwa can, ƙananan tambayoyi sun cika gefen takarda.

"Kamar an yanka kaza a kai," in ji Gwaggo a hankali.

"Waƙafi na ce ya duba mini," in ji Baba. "Waƙafi da aya, tunda abin da ya karanta ke nan. Sai ya ɗauki wuƙa ya shiga littafina yana fiɗa. Wai babi na bakwai, babin bututu, a cire shi gaba ɗaya. Wai sau huɗu na maimaita faɗin bututu. Ni zai koya wa bututu?"

"Ba bututu ya koya maka ba, Baba. Rubutu ne, kuma aikinsa ke nan."

"Auta, iya bakinki," in ji Gwaggo.

"Bar ta ta faɗa. Aiki? Turanci aiki ne? Mai sayar da katin waya a bakin titi yana Turanci. Direban tanka yana yi. Mutum ya shiga jami'a ya zauna shekara huɗu, ya fito da abin da aku ke koya a cikin keji. Yayyenki biyu injiniyoyi ne, in suka gina abu ana taka shi da ƙafa. Likita in ya yi aiki mutum yana tashi daga gado. Shi wannan me zai nuna ranar da aka ce kowa ya kawo abin da ya yi? Jan layi?"

Yana maganar, hannunsa yana komawa kan aljihun ƙirjinsa, ya dafa, ya sauke, ya sake dafawa. Auta ta lura, amma ba ta san ma'anarsa ba tukuna.

"Ki saurare ni da kyau," in ji shi. "Ban taɓa yi wa ɗana ko 'yata dole a kan aure ba, addini bai ba ni wannan ikon ba. Amma ni ne waliyyinki, kuma yaron nan ban ba shi ba. Kada ya sake taka ƙofar gidana."

Auta ta ajiye takardun, ta durƙusa a gabansa kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Idanunta sun ciko, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Baba, ba zan yi aure ba sai da yardarka. Wannan alkawari ne tsakanina da Allah, ba sai an tsare ni ba. Amma kada ka zauna jiran ranar da zan ce ina son Likita, don ba za ta zo ba. In shekara goma ce, zan zauna a ɗakina, in tafi aiki in dawo, in dafa maka shayinka kamar kullum."

"Gatse kike mini?"

"Wane ni. Sau ɗaya ka zaɓa mini, na bi. Na ce Turanci zan karanta, ka karɓi fom ɗin ka rubuta harhaɗa magunguna da hannunka. Na karanta, na gama, ina cin abinci da shi, na gode. Amma wannan karon zuciyata ce, Baba, ba fom ɗin jami'a ba."

 Baba ya juya ya shige ɗakinsa, ya bar littafin a kan tebur kamar abin da ba nasa ba.

Auta ta kwashe shi zuwa ɗakinta. Ta zauna a bakin gado tana bin shafukan ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana ɗiga a kan jan rubutun. Ta wuce shafi na ɗari da goma sha uku, sai ta tsinci kanta a ɗari da goma sha biyar. Ta koma baya, ta sake ƙirgawa.

An zare shafi na ɗari da goma sha huɗu.

*

Washegari, lokacin hutun rana, ta bar kantin magani a hannun abokiyar aikinta ta nufi kamfanin ɗab'in. Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafar Auta, don ba ta yarda budurwa ta je ofishin namiji ita kaɗai ba. Gaskiya ne wannan, amma ba shi kaɗai ne dalilin Gwaggo ba. Tana son ta ga inda ake wannan ta'asa.

Ofishin a hawa na biyu yake, dogon ɗaki mai tebura shida, kowane tebur ya nutse cikin takardu. Warin sabuwar takarda da gam ya cika wurin, daga ƙasa kuma injin buga littafi yana gurnani har ƙasan ɗakin yana ɗan kaɗawa. Edita yana teburin kusa da taga, jan biro maƙale a kunnensa. Da ya hango su ya miƙe da sauri, ya jawo wa Gwaggo kujera, ya rusuna ya gaishe ta.

Auta ba ta zauna ba.

"Me na roƙe ka?" ta ce, tana danne murya saboda mutane. "Na ce ka yaba, ka sa waƙafi biyu uku, ka mayar masa. Ina wahalar wannan? Shekara biyu muna gini, ka sa biro ka rushe a mako uku."

"Na ji abin da ya yanke. Ya kira ni jiya."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

Ya zare biron daga kunnensa ya ajiye.

"Auta, in mutum ya kawo miki takardar magani, kika ga abin da aka rubuta zai cutar da shi, za ki miƙa masa don ki ga ya yi murmushi?"

"Wannan rai ne."

"Wannan ma ransa ne. Shekara bakwai ya zuba a ciki. Da na yaba masa, da ya kai shi maɗaba'a a haka, a buga, mutane su karanta shafi goma su ajiye, a riƙa yaba masa a gabansa ana hamma a bayansa. Littafin kuwa yana da kyau, wallahi yana da kyau, sai dai an binne shi a ƙarƙashin bututu. Amana ya ba ni. Idan na fara shiga gidanku da ƙarya, da me zan zauna a cikinsa?"

Gwaggo ta gyara zama, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wai ni kam, ɗan nan, gaya mini tsakani da Allah. Me ake koyo a Turancin nan har shekara huɗu? Ni aji shida na yi, kuma ko a asibiti ba a sayar da ni."

Ya yi murmushi kaɗan.

"Ba magana da Turanci aka koya mana ba, Gwaggo, da ita muka shiga. Karatu aka koya mana. A ba ka rubutu ka gane me mai shi yake nufi, ina ya faɗi gaskiya, ina ya kauce, ina ya ji tsoro. Sannan a koya maka ka ɗauki magana mai nauyi ka shimfiɗa ta yadda wanda ba ya son ji ma zai ji. Duk inda ake son mutane su fahimci juna, akwai kujerarmu. Wanda muka zauna benci ɗaya da shi yanzu yana ofishin jakadanci. Wata tana karanta labarai a rediyo. Biyu sun wuce karatun lauya, kuma sun ce rabin shari'a karatun takarda ne. Akwai mai tafinta a kotu, akwai mai rubuta wa kamfanoni rahoto, malaman makaranta kuwa ba a magana."

"To kai me ya zaunar da kai gyaran waƙafi?"

"Littafin lissafin da jikokinki ke karantawa a makaranta, Gwaggo, ta kan teburin nan ya bi. Wanda ya rubuta shi ya san lissafi, ni kuma na san yaro."

Gwaggo ta taɓe baki, amma ba ta sake cewa komai ba, wanda a wurinta babban yabo ne.

Auta ta dafa teburin.

"Me ka rubuta a shafi na ɗari da goma sha huɗu?"

"Me ya faru da shi?"

"Baba ya zare shi. Duk sauran ya bar su a falo, shi kaɗai ya ɗauke."

Edita ya gyaɗa kai a hankali.

"A wannan babin ya kwafo wasu tsofaffin wasiƙu da rahotannin da ya aika wa manyansa. Wasiƙar da ke wannan shafin ita ce wadda ta sa aka kai ruwa wani gari a kan tudu, bayan an ƙi sau uku. Ban taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba, don ba ta da abin gyara. Sai dai ba Baba ya rubuta ta ba."

"Ta yaya ka sani? Sa hannunsa ne a ƙasa."

"Kowane mai rubutu yana da tafiyarsa, kamar yadda kike gane takun Gwaggo ba ki gan ta ba. Baba da lamba yake farawa, ya bi da lamba, sai can ƙarshe ya tuna da mutane. Mai wasiƙar nan da mutum yake farawa. Ya buɗe da wata tsohuwa da ɗaukar ruwa ya lanƙwasa wa wuya, sai da ya tabbatar ka gan ta, sannan ya kawo lambobin. Na bi duk rahotannin. Wannan hannun yana nan shekara ashirin, sai ya ɓace rana ɗaya, shekara goma sha biyu da suka wuce, bai sake dawowa ba. Na ɗauka wani magatakarda ne a ofishinsa da aka yi wa sauyin wuri. Shi ne na rubuta a gefe: wannan ba hannunka ba ne, ko wane ne, shi ne mafi iya rubutu a littafin nan, kuma ya cancanci babi da sunansa."

Carbin Gwaggo ya zame daga hannunta ya faɗi ƙasa.

Auta ta nemi kujera ta zauna. Abin da ta manta ya dawo mata gaba ɗaya: teburin cin abinci bayan an kwashe kwanuka, ƙaramin keken rubutu mai murfi kore, Baba yana zagaye da takarda yana karanto lambobi, mace a zaune tana cewa, dakata Injiniya, su wane ne za su sha ruwan?

"Ba magatakarda ba ne," ta ce, hawaye yana sauka. "Mamana ce. Malamar Turanci ce, shekara ashirin da shida tana koyarwa."

Edita ya runtse ido, ya ce innalillahi a hankali.

"Ban sani ba. Allah ya sani ban sani ba. Zan je in durƙusa in ba shi haƙuri a kan zafin da na jawo masa, ko a bakin ƙofa ne." Ya buɗe ido ya dube ta. "Amma ba zan iya cewa shi ya rubuta ba, Auta. Ko da hakan zai raba mu."

Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta miƙe.

"Wa ya ce ka faɗa? Ka zauna inda kake. Wannan faɗan ya tashi daga naka, ya zama nawa."

*

Da suka iso gida da yamma, motar Likita tana ƙofar gida. Yana falo tare da Baba, an ajiye musu shayi. Mutumin kirki ne Likita, kada a zalunce shi. Iyakarsa ya saba faɗa wa tsofaffi abin da zai kwantar musu da hankali.

Auta ta yi sallama, ta gaishe su, ta zauna a kan darduma kusa da ƙofa.

"Likita, Baba ya ce ka ji daɗin littafinsa."

"Ƙwarai kuwa. Aiki ne babba."

"Wane babi ya fi burge ka?"

"Ai duka. Da wuya mutum ya zaɓa."

"Tsohuwar nan fa mai lanƙwasasshen wuya? A matsayinka na likita, me kake gani ya same ta?"

Likita ya ɗaga kofin shayi, ya mayar bai sha ba. Ya dubi Baba, ya dubi ƙasa. Sannan ya yi abin da ya ƙara masa daraja a idon duk wanda ke wurin.

"Baba, ka gafarce ni. Shafi goma sha biyu na karanta. Aikin asibiti ya sha kaina, na ji kunyar in dawo da shi in ce ban gama ba."

Baba ya kawar da kai. Likita ya yi sallama ya fita, Gwaggo ta raka shi har ƙofa, ta kuma ja ƙofar falon a bayanta, ta bar uba da 'yarsa.

"Kin kunyata baƙona," in ji Baba.

"Na yi kuskure a nan, zan ba shi haƙuri. Amma ga mutum biyu, Baba. Ɗaya ya karanta shafi goma sha biyu ya ce ka iya. Ɗaya ya karanta ɗari uku, har ya ji numfashin wadda take kabari shekara goma sha biyu. Wanne ne ya girmama ka?"

Fuskar Baba ta sauya.

"Wa ya gaya miki?"

"Aljihunka. Tun jiya kake dafa shi."

Ta matso a kan gwiwoyinta har gaban kujerarsa. Kukan da ta danne tun jiya ya ƙwace mata.

"Shafi ɗari uku, Baba. Akwai sunan direbanka a ciki. Akwai sunan kamfanin da ya ƙera famfo. Mama layi ɗaya ta samu, a shafin godiya, wai ta yi haƙuri da yawan tafiye-tafiyenka. Haƙuri kaɗai ta yi? Ni na gan ta da idona a kan keken rubutun nan. Kana cewa Turanci ba aiki ba ne, ba a taka shi da ƙafa. Mutanen garin nan na kan tudu, ruwan wa suke sha? Kai ka ja bututun, ban musa ba. Amma sau uku bututun yana kwance a takarda, sai da ta sa masa baki ya tashi."

"Ya isa."

"Bai isa ba, Baba, ka yafe mini. Ka hana ni shi, na ji, zan zauna. Amma kada ka ce don karatunsa banza ne. Ka ce don ya ga abin da ka rufe."

Malamai sun ce gaskiya ɗaci gare ta, kuma ta fi ɗaci idan ta fito daga bakin wanda ka yi wa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Baba ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar, ta yi laushi saboda ninkewa da buɗewa. Ya shimfiɗa ta a kan gwiwarsa. Duk shafin fari ne da baƙi, sai layi biyu ja a gefe.

"Ranar da aka amince da wasiƙar nan," ya ce, "shugabanmu ya karanta ta a gaban taro. Ya ce duk ma'aikatar babu mai alƙalamina. Aka tafa mini. Na tashi na karɓa. Da ita aka ƙara mini girma, da ire-irenta na kai inda na kai. Na dawo gida na ba ta labari, ta yi murna kamar ita aka tafa wa."

Ya shafa takardar da tafin hannu.

"Kullum ina tsokanarta. In ce, Malama, ku dai karatunku na gyaran waƙafi ne. Sai ta yi dariya ta ce, to Injiniya, kawo waƙafin in gyara. Na ce mata wata rana zan faɗa wa duniya. Ina jin kunyar abokan aiki su ce matarsa ke masa rubutu. Ina cewa sai na yi ritaya. Allah bai jira ritayata ba."

Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa, bai share ba.

"Da na zauna rubuta littafin, sau nawa ina fara babinta. In rubuta layi ɗaya in ga ba haka za ta faɗa ba, in yage. Wanda zai gyara mini ba ya nan. Sai na koma kan bututu, don shi ba ya sa ni kuka."

"Ni fa, Baba? Me ya sa ka hana ni karanta Turanci?"

"Shekara biyu da rasuwarta kika zo kika ce Turanci za ki karanta. Da muryarta kika faɗa, har yadda take karkatar da kai. Ban iya ba, Auta. Na ce miki babu aiki a cikinsa. Ƙarya na yi miki, ni da na ci abincinsa shekara ashirin. Allah ya yafe mini, ke ma ki yafe."

"Na yafe tun ba ka tambaya ba."

Ta kifa kanta a hannun kujerar tana kuka, ya dafa kanta. Haƙƙin mamaci ba ya ruɓewa tare da shi. Yana nan a wuyan mai rai har ya sauke, kuma rahama ce babba Allah ya aiko wa bawa mai tuna masa tun yana da sauran numfashi, ko da mai tunin jan biro ya riƙo.

Aka kira sallar magariba. Baba ya ninke takardar, amma bai mayar da ita aljihu ba. Ya miƙa wa Auta.

"Mayar da ita wurinta, tsakanin sha uku da sha biyar."

Ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya nufi ƙofa. Gwaggo ta yi saurin ja da baya daga jikin ƙyauren, tana jan carbi da ƙarfi kamar tun ɗazu abin da take yi ke nan. Baba ya dube ta, ya girgiza kai, sannan ya juyo.

"Ki gaya wa mara kunyar nan ya zo ranar Asabar da safe, shi da kawunsa. Kawun zai zauna a falo mu yi maganar manya."

Auta ta ɗago da sauri.

"Shi kuma ya wuce teburin cin abinci, ya zo da bironsa. Babin Malama ni zan rubuta da hannuna, shi ya gyara. In ya ga na kauce ya ja layi, kada ya ji tsoro."

"Ai ba ya ji, Yaya," in ji Gwaggo. "Matsalar ke nan tun farko."

Baba ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya da ɗayan a hannu.

"Kuma ki gaya masa, babi na bakwai yana nan daram. Ko kawunsa goma ya kawo, ba zan cire bututuna ba."